Kundin da Ke Sake Gina Kansa: Tarihin Rubuta Digiri na Uku da Zallar Rubutu

Mai karatu, idan ka taɓa rubuta kundin kammala karatu, ko ka zauna ɗaki ɗaya da mai rubutawa, to ka san irin daren da zan ba ka labari. Saura 'yan kwanaki in miƙa kundina na digiri na biyu, sai malamin da ke duba aikina ya gano cewa akwai samfuri biyu da na shigar da alƙalumansu sau biyu. Ya ce, "Ai ƙaramin abu ne, goge su kawai." Na goge. Nan take matsakaicin lissafi ya canza. Da ya canza, jadawalin babi na huɗu ya zama ƙarya, zane-zanen da aka ɗora a kansa suka zama ƙarya, haka ma duk jimlar da na ambaci wannan lamba a babi na biyar. Na kwana ina kwafowa daga wannan manhaja ina liƙawa a waccan, ga wuta tana zuwa tana tafiya. Na gyara ko'ina, ban da wuri ɗaya: taƙaitaccen bayanin da ke shafin farko. Ranar kare kundi, mai jarrabawa na waje bai wuce wannan shafin ba ya ɗago kai ya ce, "Malam, wace lamba ce gaskiya, ta gaba ko ta ciki?"

Wannan ciwon ba da ni ya fara ba. Fiye da shekara 40 ke nan masana suna neman maganinsa, kuma maganin da suka tsaya a kai yana da ban mamaki saboda sauƙinsa: a rubuta kundin gaba ɗaya, har da lissafinsa, da zallar rubutu. Bari mu bi sawun yadda aka iso nan.

Mece ce zallar rubutu?

Fayil ɗin zallar rubutu shi ne wanda babu komai cikinsa sai haruffa, lambobi da alamomin rubutu. Babu launi a ɓoye, babu girman harafi, babu ado. Duk abin da ka gani a allo, shi ke nan abin da ke ciki. Irin wannan fayil kowace kwamfuta tana buɗe shi, tsohuwa ko sabuwa, har wayar da ke hannunka. Tun 1963 aka fitar da tsarin ASCII, wanda ya bai wa kowane harafin Turanci lambarsa, kuma fayil ɗin da aka rubuta da shi shekaru aru-aru da suka wuce har gobe ana karanta shi. Gwada buɗe takardar da aka rubuta da wata manhajar ofis ta wancan zamani wadda kamfaninta ya mutu, ka ga yadda za ka sha fama.

To amma kundi ai yana buƙatar babi-babi, jadawali, zane da lambar shafi. Ta yaya rubutun da ba shi da ado zai haifar da littafi? Amsar ta fara ne daga fushin wani farfesa.

Farfesan da maɗaba'a ta ɓata wa rai

Donald Knuth malamin kimiyyar kwamfuta ne a Jami'ar Stanford da ke Kalifoniya a Amurka. A 1968 ya fara fitar da jerin littattafansa masu suna The Art of Computer Programming. An buga bugun farko da tsohuwar fasahar zuba haruffan dalma, wadda ke fitar da alamomin lissafi tsaf. Kafin a zo sake buga juzu'i na biyu, maɗaba'u sun bar wannan fasaha sun koma wata sabuwa. A watan Maris na 1977 aka aiko masa shafukan gwaji, ya duba, ya ga munin da ba zai iya haƙuri da shi ba.

Da wani ne, sai ya rubuta wa kamfanin takardar ƙorafi ya koma harkarsa. Shi kuwa sai ya yanke shawarar rubuta manhajar tsara shafi da kansa. Ya ɗauka aikin 'yan watanni ne. Ya ci masa kusan shekara 10. Sunan manhajar TeX. Yadda take aiki shi ne, kai marubuci za ka rubuta zallar rubutu, ka sa wasu 'yan alamomi da ke cewa "nan lissafi ne", "nan sabon sakin layi ne". Ita kuma ta karanta ta fitar da shafi mai kyan gaske.

Abu biyu Knuth ya yi da suka shafi zancenmu. Na farko, ya bayar da manhajar kyauta, sannan daga baya ya daskarar da ita: ba a ƙara mata sabon abu, sai gyaran kuskure. Burinsa shi ne takardar da ka rubuta yau ta fito iri ɗaya sak a kowace na'ura, ko bayan shekaru masu yawa. Shi ya sa lambar sigar TeX ba ta hawa 4 ko 5. Duk gyara sai a ƙara mata lamba ɗaya daga jerin lambobin π, wato 3.14, 3.141, haka dai. Har tukuici ya sa wa duk wanda ya gano kuskure a littattafansa: dala 2 da santi 56.

Na biyu, a 1984 ya wallafa wata maƙala da ta kawo sabon tunani. Ya ce a daina rubuta umarnin kwamfuta daban, bayaninsa daban. A haɗa su a fayil ɗaya, a rubuta shi kamar ana yi wa ɗan Adam bayani. Daga wannan fayil guda, wata manhaja ta tsamo abin da na'ura za ta aiwatar, wata kuma ta tsamo abin da mutum zai karanta. Riƙe wannan tunani, zai dawo.

Haihuwar mazubi

TeX tana da ƙarfi, amma tana da wuyar sha'ani. A farkon shekarun 1980 wani masani mai suna Leslie Lamport ya gina mata riga mai sauƙin sawa, aka kira ta LaTeX. Hikimarsa ita ce raba abin da ake faɗa da yadda zai bayyana. Kai dai ka ce "wannan kan babi ne". Ko za a rubuta shi da manyan haruffa, ko a tsakiyar shafi, ko tazarar gefe santimita nawa ce, wannan aikin wani fayil ne daban.

Wannan fayil na daban shi ne asalin abin da zan riƙa kira mazubi. Ka tuna mazubin bulo: ƙasa da siminti naka ne, shi kuma yana tabbatar da kowane bulo ya fito daidai da ɗan'uwansa. Jami'o'i da ɗalibansu suka fara ƙera mazubi bisa dokokin makarantar digiri na gaba: shafin take kaza, tazara kaza, jerin abubuwan ciki kaza. Ɗalibi ya zuba rubutunsa, tsari ya fito da kansa. A 1985 kuma BibTeX ta zo, wadda ke ajiye duk littattafan da ka duba a fayil ɗaya, ta jera maka manazarta da duk salon da aka buƙata.

Sai dai ka lura, har yanzu ado kawai aka magance. Lambobi da zane-zane da hannu ake kwafo su daga wani wuri. Ciwon darena yana nan daram.

Ɗakin binciken da ɗalibai ke tafiya da sirrinsu

A Stanford ɗin dai, akwai wani malamin kimiyyar ƙarƙashin ƙasa, Jon Claerbout, wanda ya kafa cibiyar bincike ta Stanford Exploration Project a 1973. Aikinsu shi ne sarrafa amon girgizar da ake aikawa cikin ƙasa, a mayar da shi hoton duwatsun da ke ƙarƙashi, irin wanda kamfanonin haƙar mai ke dogaro da shi. Kusan duk sakamakonsu hoto ne da kwamfuta ta lissafo.

Matsalar da ta dame shi ka san ta. Ɗalibi zai shekara biyar yana aiki, ya samar da hotuna masu ban sha'awa, ya kare kundinsa, ya tafi. Sabon ɗalibi ya zo zai ɗora daga nan, sai ya tarar ba ya iya sake fitar da hoton da ke kundin. Da wane fayil ɗin bayanai aka yi? Wace siga ta manhajar? Waɗanne lambobi aka saita? Duk suna kan wanda ya tafi, shi ma watakila ya manta. Sai a ɓata watanni ana sake haƙa rijiyar da aka riga aka haƙa.

Wajen 1990 Claerbout da ɗalibansa suka ɗauki alwashin cewa duk takardar da ta fita daga ɗakinsu, dole ta zo da abin da zai sake gina ta. Suka jingina da tsarin wata tsohuwar manhaja mai suna make, wadda Stuart Feldman ya rubuta a 1976. Aikinta shi ne riƙe jerin dogaro: wannan hoto daga wancan lissafi yake fitowa, wancan lissafi kuma daga waɗancan bayanai. Idan tushe ya canza, ta san duk rassan da za a sabunta.

Suka tsara 'yan umarni kaɗan da kowane kundi zai amsa: ƙona, gina, duba, share. "Ƙona" yana goge hotunan sakamako ƙurmus. "Gina" yana sake lissafo su daga tushe. Ka ji ƙarfin hali: ka goge sakamakon aikin shekarunka da hannunka, don ka tabbatar zai dawo. Har lakabi suke manna wa kowane hoto, ko mai saurin maimaituwa ne, ko sai da sharaɗi kamar babbar kwamfuta ko bayanan da ba kowa ke da su ba, ko kuwa ba ya maimaituwa sam, kamar zanen hannu. Suna zuba kundi da bayanansa da umarninsa a faifan CD su rarraba.

A 1992 Claerbout da Martin Karrenbach suka gabatar da wannan tsari a taron masana fanninsu. Bayan shekara uku, a 1995, Jonathan Buckheit da David Donoho, masana ƙididdiga a jami'ar, suka yaɗa tunanin ga sauran fannoni. Yadda suka fahimci Claerbout shi ne: maƙalar da ka karanta game da binciken kwamfuta talla ce kawai; hajar kanta ita ce bayanai da umarnin da suka haifar da sakamakon. Wato an nuna maka hoton tuwo, amma ba a ba ka gari da yadda aka tuƙa ba.

Daga manyan ɗakunan bincike zuwa kwamfutar kowa

Tsarin Claerbout ya yi aiki, amma sai wanda ya goge a harkar kwamfuta. Shekaru 20 da suka biyo baya, saukar da shi ƙasa aka yi ta yi.

A 2002, Friedrich Leisch, masanin ƙididdiga a birnin Biyana na Ostiriya, ya fitar da Sweave. Nan tunanin Knuth ya dawo da sabon aiki: cikin rubutun LaTeX ɗinka za ka cusa umarnin R, manhajar ƙididdiga ta kyauta. Idan ka ce a gina, sai a gudanar da lissafin, a ɗauki sakamakon a dasa shi daidai inda umarnin yake. Ba ka rubuta lamba da hannu. Kana rubuta hanyar samo ta.

A 2004 John Gruber ya fitar da Markdown, salon alamta rubutu da ake koya a zama ɗaya: alamar # a farkon layi na nufin kan magana, tauraro a gaba da bayan kalma na nufin a karkata ta. A 2005 Linus Torvalds ya rubuta Git, mai ajiye tarihin duk canjin da aka yi wa fayil, da ranar da aka yi, da wanda ya yi. A 2006 John MacFarlane, malamin falsafa a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ya fara Pandoc, tafintan da ke juya rubutu daga wannan siga zuwa waccan: Markdown ta zama PDF, ko Word, ko shafin intanet.

Sai a 2012 Yihui Xie, wanda a lokacin shi kansa ɗalibin digiri na uku ne a Jami'ar Jihar Iowa, ya fitar da knitr, magajiyar Sweave, wadda ta yarda da Markdown. Daga nan R Markdown ta bunƙasa, bookdown ta zo a 2016 don dogayen ayyuka masu babi-babi, aka ƙera mazuban kundi a kanta irin su thesisdown. A 2022 aka ƙaddamar da Quarto, wadda ke karɓar R da Python da Julia. Abin da a da sai ɗakin binciken Stanford, yau ɗalibi mai tsohuwar laftof zai sauke shi kyauta.

Me za a rasa idan ba a yi ba?

Kada ka ɗauka wannan son burgewa ne na masu kwamfuta. A 2010 wasu fitattun masana tattalin arziki biyu, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, suka wallafa binciken da ya nuna cewa idan bashin ƙasa ya haura kashi 90 cikin 100 na arzikin da take samarwa a shekara, haɓakarta kan durƙushe. 'Yan siyasa a Amurka da Turai suka riƙa kafa hujja da shi wajen tsuke bakin aljihun gwamnati.

Wani ɗalibi a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst, Thomas Herndon, aka ba shi aikin aji: ya zaɓi wani bincike ya maimaita. Ya zaɓi wannan. Ya yi, ya sake yi, lambobi suka ƙi fitowa. A ƙarshe marubutan suka aiko masa ainihin fayil ɗin Excel da suka yi aiki da shi. Yana dubawa ya ga lissafin matsakaici ya tsallake ƙasashe 5 cikin 20: Ostireliya, Ostiriya, Beljiyam, Kanada da Denmak. A 2013 shi da malamansa, Michael Ash da Robert Pollin, suka wallafa abin da suka gano, har da ƙorafi kan bayanan da aka bari a waje da yadda aka auna nauyin kowace ƙasa. Da suka sake lissafi, matsakaicin haɓakar ƙasashe masu yawan bashi ya tashi daga -0.1 zuwa 2.2 cikin 100. Marubutan sun amsa kuskuren Excel ɗin, ko da yake sun yi jayayya kan sauran. Abin lura a nan: shekara uku kuskuren na kwance, domin lissafin yana ɓoye a bayan akwatunan da ba wanda ya leƙa.

Ga wani kuma. Excel na da halin mayar da wasu rubuce-rubuce kwanan wata ba tare da ta tambaye ka ba. Akwai ƙwayar gado da a da ake kira SEPT2. Kana shigar da ita sai ta koma 2 ga Satumba. Wani nazari da masu bincike a Ostireliya suka wallafa a 2016 ya gano irin wannan ɓarna a kusan kashi ɗaya cikin biyar na maƙalolin da suka duba masu ɗauke da jerin sunayen ƙwayoyin gado a Excel. Abin ya kai ga a 2020 kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna ya canza wa wasunsu suna: MARCH1 ta koma MARCHF1. Kimiyya ce ta kauce wa manhaja hanya.

Yadda mazubin yake idan ka buɗe shi

Idan ka sauke mazubin kundi na zamani, babban jaka ce za ka gani mai ƙananan jakunkuna. Ɗaya ta ɗanyen bayanai, waɗanda ba a taɓa su da hannu ko da wasa. Ɗaya ta umarnin da ke tsabtace su da yin lissafi. Kowane babi yana da fayil ɗinsa na zallar rubutu. Akwai fayil ɗin manazarta, akwai kuma ɗan ƙaramin fayil mai ɗauke da sunanka, taken kundi, sashe da shekara. Dokokin tsarin jami'a suna can gefe guda.

A cikin babi, inda za ka rubuta matsakaicin tsayin shukarka, ba lamba za ka sa ba. Ɗan umarni za ka sa mai cewa a lissafo shi daga bayanai. Haka zane, haka jadawali. Umarni ɗaya ka bayar, kundi ya ginu daga shafin take har rataye.

Yanzu koma darena. Da a haka na rubuta, layi ɗaya zan ƙara mai cewa a cire samfurin da aka maimaita, in rubuta dalili kusa da shi, in ce a gina. Jadawali, zane, babi na biyar da shafin farko duk su canza tare. Git kuma ya riƙe shaidar abin da na cire da ranar da na cire shi, ko da wani zai zarge ni da murɗa sakamako. Ga kuma hutawa daga fayil-fayil masu suna "na ƙarshe", "na ƙarshe na gaske", "wanda oga ya gyara".

Mu masu rubutu da Hausa muna da ƙarin riba. Kafin tsarin Unicode ya kankama, wanda aka fara fitarwa a 1991, da yawa sun riƙa samar da ɓ, ɗ da ƙ ta hanyar salon harafi na musamman da aka yi wa dabara. Kai takardar wata kwamfutar da ba ta da shi, sai lanƙwasa ta ɓace ko wata baƙuwar alama ta fito, ƙasa ta koma kasa. A zallar rubutu mai tsarin UTF-8 kuwa, kowane harafi mai lanƙwasa yana da lambarsa ta dindindin. Ka dai tabbatar salon harafin da za a buga PDF da shi yana ɗauke da su.

Inda gizo ke saƙa

Gaskiya ɗaya ce: makonnin farko akwai ciwon kai. Alama ɗaya ka manta, ginin ya tsaya, ya watso maka saƙon da ba ka gane ba. Malamai da yawa kuma Word suka sani, a nan suke son yin gyara, ko ma a takarda da jan biro. Pandoc za ta fitar masa da Word ɗin, amma kai za ka mayar da gyaransa cikin tushe da hannu. Manhajoji ma suna canzawa. Umarnin da ya yi aiki bana yana iya ƙin yi baɗi, don haka ka rubuta sigar duk abin da ka yi amfani da shi. Sannan ba kowane bayani ake bazawa ba: na marasa lafiya ko na mutanen da ka yi wa tambayoyi amana ne, sai an cire abin da zai fallasa su.

Mafi muhimmanci, kundin da ke maimaituwa ba lallai ya zama daidai ba. Idan tambayarka karkatacciya ce, ko ma'auninka ya lalace, kwamfuta za ta maimaita maka kuskuren sau dubu babu gajiya. Abin da tsarin ke yi shi ne ajiye kuskuren a fili, inda kai ko wani zai iya ganinsa ya gyara.

Idan kana farkon tafiya, kada ka jira sai lokacin haɗa kundi. Ɗauki jadawali ɗaya ko zane ɗaya daga aikin da kake yi yanzu, ka rubuta hanyar fitar da shi daga ɗanyen bayanai. Sannan ka yi gwajin ɗaliban Claerbout: goge shi, ka ce a gina. Idan ya dawo yadda yake, ka ɗauko na biyu. Idan ya ƙi dawowa, ka gode wa Allah da ka gano yau, kana zaune a ɗakinka, ba a gaban mai jarrabawa ba.